Burodi Daga Sama

Janar Ekkehard Trautwein babban kwamanda ne a sojan saman Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya iya tuƙin jirgi, wannan ba gardama. Aibinsa shi ne bakinsa bai iya cewa "ba zan iya ba" a gaban na sama da shi. Kuratansa kan ce Janar na fama da ciwon maƙogwaro, saboda kwaɗayin lambar girman nan da ake ratayawa a wuya.

Yana da amini, Kanar Wendelin Brackhahn na sojan ƙasa. Garinsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. Da hunturu ya kama su a Rasha, ƙasar da ba wanda ya gayyace su, abokan gaba suka zagaye rundunar Wendelin, saura wata 'yar kafa ta yamma. Wendelin ya sa a ɗaure kaya a sulale kafin ta toshe. Ana cikin haka jirgin Janar ya sauka.

"Ina zuwa haka, Wendelin? Ko tsufa ya sa maka tsoro?"

"Ba tsoro ba ne, Ekkehard, yunwa ce. Mun fara yanka dawakai."

"Kwance kayanka. Burodi da mai da harsashi duk zan kawo maka ta sama."

"Ka tabbata? Kada ka yi mini romon baka, rayukan mutane ne."

Janar ya cire safar hannu ya miƙa masa hannu. "Na ba ka kalmata ta hafsa."

A wurinsu, hafsa in ya ba da kalmarsa magana ta ƙare. Sake tambayarsa zagi ne. Wendelin ya sa aka kwance kaya. Ba a jima ba kafar ta toshe.

Kullum da safe Wendelin yana tsaye bakin fili yana duban sama. Wata rana jirgi biyu, wata rana ko ɗaya babu. Dawakai suka ƙare, aka koma dafa sirdi. Sajansa Kuhlmann, mai barkwanci, ya ce, "Yallaɓai, ko dai burodin Janar a wata ake gasa shi?" Wendelin ya daka masa tsawa ya ce amininsa ba ya ƙarya. Kuhlmann bai ga ƙarshen watan ba.

Rannan wani matuƙi ya sauka da jirginsa duk huji. Wendelin ya tambaye shi ina sauran.

"Sauran wa, yallaɓai? Injuna sun daskare. Mun faɗa wa Janar tun kafin ya zo wurinka, rabin abin da kuke bukata ma ba za mu iya ba."

"Tun kafin ya zo?"

"Ai ya riga ya ce wa hedkwata zai iya. Da kun fita, wa zai ciyar har a yaba masa?"

Wendelin ya zauna kan ƙanƙara. Daga baya ya miƙa wuya da ragowar mutanensa, aka kora su sansanin fursuna. Janar kuwa, manyan da ya so ya burge su suka tuɓe shi, suka ce ai shi ya ce zai iya.

Shekaru suka wuce kafin Wendelin ya dawo gida, ba yatsun ƙafa. Ya tarar da Ekkehard a wani ɗan ɗaki a garin Celle, ya tsufa.

"Wendelin, ɗan'uwana, ni ma fa an ci amanata."

"Kai kujera aka ƙwace maka, Janar. Ni mutanena ko kabari ba su samu ba, ƙasa ta ƙi haƙuwa."

"To, me kake so in yi?"

"Matar Kuhlmann tana nan bayan coci, har yau ni take tsine wa. Tashi mu je ka faɗa mata da bakinka."

Ekkehard ya dubi ƙofa, ya dubi takalmansa, ya ce ƙafarsa na ciwo, sai gobe. Wendelin ya fita shi kaɗai, bai ƙara taka gidan ba. Ran da Janar ya mutu, sai ma'aikatan gari ne suka ɗauki gawarsa.

Darasi: Abin da ba ka iyawa, ka ce ba ka iyawa, ko a gaban wa kake tsaye. Kunyar "a'a" ta yini ɗaya ce, ƙaryar "zan iya" kuwa wasu ne ke biyanta da ransu. Wanda ya yarda da kai har ya ajiye dabararsa ya kama taka, amana ya ɗora maka. In ka sayar da ita don a yaba maka, waɗanda ka sayar wa su ne farkon masu juya maka baya.