Sarkin da Ke Taka Gida Biyu

An ce wani sarki aka yi a can ƙasashen gabas wanda Allah ya jarrabe shi da son shaɗaranji, wato darar nan da ake jera rundunoni biyu na itace a kan allo, kowace da sarkinta da wazirinta da giwaye da dawaki da dakaru, wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa gidan gudu shi ya ci. Ayari ba ya sauka a birnin face an kai madugu fada, sarki ya tsare shi da tambayar wa ke kan gaba a gasar manyan birane, da wace dabara wane ya kayar da wane. Shi kansa shekara talatin yana wasa, ba a taɓa cinsa ba.

Mutum ɗaya wannan suna yake ƙona wa zuciya, shi ne Waziri Uzairu, wanda ya koya masa wasan tun yana ɗan shekara bakwai. A dokar shaɗaranji, sarkin allo gida ɗaya rak yake takawa. To, wata rana Uzairu ya ritsa ɗalibin nasa, idon yaro ya ciko, sai yaron ya ɗauki sarkinsa ya tsallake gida biyu. Uban yaron yana zaune, mutum ne mai saurin hannu, ya ce, "Daidai ne?" Uzairu ya dubi hawayen ɗa, ya dubi takobin uba, ya ce daidai ne. Ya ƙudura a ransa gobe zai gyara. Goben nan ita ce ta yi shekara talatin ba ta zo ba.

Fada duka ta bi sahu. Duk baƙon da zai yi wasa da sarki, sai an ja shi gefe a zaure an raɗa masa abin da zai gani, da bakin da zai kama in ya gani. In sarki ya ce zai tafi gasa wata ƙasa, Waziri ya ce damina ta ɓata hanya. In rani ya yi, ya ce 'yan fashi sun yi yawa.

Sai sarki ya tsiro da wata al'ada. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa a fito da allo ƙofar fada, ya jera 'ya'yan a wani hali mai wuya, ya ce wa jama'a, "Ga ƙulli, wa zai kwance?" Abin da Waziri ya manta shi ne, ƙofar fada fili ce, ba ta da zauren raɗa.

Wata Juma'a sarki ya jera nasa, baƙin sarkin allo a kusurwa, doki da giwa sun tsare shi. Ya ce, "Mafita ɗaya gare shi. Wa ya gan ta?" Wani tsoho mai suna Hambali, masaƙi ne da ya zo da ayari a ranar, ya matso da 'yar jakarsa, ya duƙa ya daɗe yana duba, sannan ya ce, "Ya sarki, wannan ba shi da mafita. An riga an kama shi."

Sarki ya yi murmushi, ya ɗauki baƙin sarki ya tsallake gida biyu. Fadawa suka ɗauki kirari. Tsoho ya buɗe baki, ya dubi allo, ya dubi jama'a, ya ce, "Subhanallahi! Ya sarki, ai gida ɗaya yake takawa."



Sarki ya ce, "Maguɗi ke nan ka ce na yi, a gaban jama'ata?"

Tsoho ya ce, "Ban ce ba, ya sarki. Mai maguɗi ya san abin da yake yi."

"Kai wane ne da za ka koya wa sarki tafiyar sarki?"

"Masaƙi ne ni. Ban san mulki ba, amma na yi wasan nan a birni goma sha ɗaya, ban ga inda ya taka biyu ba sai nan."

Sarki ya fusata ya kira Hauni, mai sare kawuna, ya ce kafin rana ta faɗi a raba wannan tsoho da kansa. Waziri ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta ceci mutumin, ya kuma san inda kalmar za ta kai nasa wuyan. Abin kunya ne a faɗa, amma shiru ya yi.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, na ji hukunci. Roƙona ɗaya, ka yi wasa ɗaya da ni, in mutu na san na zauna gaban gwanin da ba a taɓa ci ba."

Wannan magana ta yi wa sarki daɗi. Aka jera allo, Waziri ya zauna tsakani, don shi ke alƙalancin duk wasan da ake yi a fada. Tsoho ya yi ta wasa kamar wanda ya fara jiya, ya ba da doki, ya ba da giwa, har sarki ya kora shi kusurwa ya ritsa shi. Sai tsoho ya sa yatsu biyu ya ɗauki sarkinsa a hankali, ya tsallake gida biyu.

"Gida ɗaya!"

Waziri bai san lokacin da maganar ta fita ba. Sai ganin hannunsa ya yi riƙe da wuyan hannun tsoho, kamar yadda ya saba riƙe na kowane ɗan wasa shekara da shekaru. Kuma ba shi kaɗai ya faɗa ba, fadawa wajen goma sun faɗa tare da shi, ga su nan kowa ya toshe baki da hannun riga.

Sarki ya juyo a hankali. "Me ka ce, Waziri?"

Tsoho ya ce, "Ya sarki, ka tambayi kanka, a shekara talatin ka taɓa ganin sarkin wani ya taka biyu a gabanka?"

Sarki ya yi ta lalube a ransa, bai samo ko sau ɗaya ba. Fuskarsa ta sauya. Waziri ya zame daga shimfiɗa ya kifa goshi a ƙasa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ni na yi maka ƙarya kana ɗan shekara bakwai don tsoron mahaifinka, na ci gaba da ita don tsoronka. In akwai wuyan da ya cancanci Hauni, nawa ne."

Sarki ya dubi fadawa ya ce, "Wa ya sani a cikinku?" Kawuna suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, har na Hauni.

Sarki ya mayar da ido kan allo. Can ya ce, "Ashe shekara talatin ban ci kowa ba."

Tsoho ya ce, "Ba ka ci ba, ba a kuma ci ka ba, ya sarki. Ba a taɓa yin wasa da kai ba."

Sarki ya ce, "Waziri, ɗago ka dube ni. Wannan itace ne. A shari'a fa, gida nawa nake takawa?"

Waziri ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ɗazu ka yanke wa mutum kisa don ya faɗi abin da duk mun sani, ba wanda ya ce uffan, har ni. Haka muke yi maka a kowace shari'a."

Sarki ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sallami Hauni, ya sauko daga karaga ya zauna a ƙasa gaban masaƙi, ya nemi gafararsa a idon jama'a. Bai taɓa Waziri ba, sai dai ya ɗora masa abin da ya fi sara nauyi: ya ce a tono duk hukuncin da aka yanke tun hawansa, Waziri ya karanto su ɗaya ɗaya a bainar jama'a, ya faɗi wanda aka tsallake gida a cikinsa.

Sannan ya ce a rubuta a ƙofar ɗakin shari'a: "Adalci shi ne sarki ya taka da takin da ya auna wa talaka."