Igiyar Tunau

Tun garin Tufka yana kurmi, wani maharbi mai suna Tunau ya biyo sawun gadu kwana uku. Tunau gagara ƙaya, na Kandala mai baka ɗaya! Inda gadun ya durƙusa yana tonon ƙasa, nan ya ajiye kwari ya kama haƙa. Sai a gaba arba'in ruwa ya ɓullo, kuma an ce tsuntsayen dajin sun yi shiru ranar.

Mutane suka taru, aka yi gari. Amma rijiya mai wannan zurfi, mai doguwar igiya kaɗai ke shan ta. Tunau ya kafa doka: igiya ɗaya, guga ɗaya, na kowa. Duk kaka kowane gida ya kawo damin rama a tufka sabuwa. Gidan da bai kawo ba, ba ya ɗiba.

Shekaru suka tura. Matarsa Kandala ta rasu, idonsa ya tafi, gonarsa ta koma saura. Kaka ta zo, ba shi da ko silin rama. Dattawa suka ce wa zai tambayi mai rijiya? Ya ce dokar ba ta ware mai rijiya ba. Ya kife tulunsa, ya koma shan ruwan kududdufi, har ciwon ciki ya kwantar da shi.

Tasalla ungozoma ba ta roƙe shi ba, ta san halinsa. Da hantsi ta naɗo igiyar garin, ta jibge masa a cinya.

"Baba, sau biyu guga na faɗawa bana. Masu ido sun duba, ba su ga komai ba."

Ya bi ta da yatsu, gaba bayan gaba. Can ya tsaya.

"Nan ta ci. Wane ragon ne ke barin ta cikin laka?"

"Kowa. Kowa na kawo rama, ba mai kula da ita. Ka duba mana kullum, ramarka ke nan."

Ya naɗe igiyar, ya miƙa mata. Sannan ya ce, "To, ɗebo mini. Na bakin gugan."

Har yau a Tufka ana tara rama duk kaka. Duba igiya kuwa ba a ba mai gona. Wanda ya rasa abin kawowa ake ba, kuma gugan farko na safe nasa ne.