Furen Dutse da Jinin Jumberi

An yi wani mutum a nan saman koginmu na Barito, mai tsaga itacen roba. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna zuwa masallacin nan.

Mijin yayarsa, Jumberi, mai cirar zuma ne. Wata rana ana cin shinkafa da busasshen kifi, Jumberi ya ce ya ga wani furen angirek, furen daji mai tsada, a jikin dutse, irin wanda bai taɓa gani ba. Kun san akwai masu kuɗi a ƙasashen waje da ke haukan tara furannin nan, kuma hukuma ta hana cire su daga daji. Mutumin nan ya san wani dillali a bakin teku.

Ya ce, "Yaya, kai ni in kashe ƙwarƙwatar ido mana."

Jumberi ya ce, "Kai da ko bishiyar kwakwa ba ka iya hawa? To, gani kawai fa."

Suka je da hantsi. Jumberi ya riƙe masa igiya, mutumin ya sauka. Da ya hawo, buhunsa cike, bai bar ko saiwa ɗaya ba.

Jumberi ya ce, "Haba ƙanena, haka muka yi da kai? Ka mayar, ko wallahi in gaya wa masu gadin daji."

Ya juya zai naɗe igiya. Mutumin ya zare adda ya sare shi a wuya. Jumberi ya durƙusa yana kiran sunansa, mutumin ya ƙara masa, ya tura shi cikin kwazazzabo.

Ya 'yan uwa, hannun da ya gama riƙe maka igiya shi za ka saka wa da adda?

Ya dawo gari yana kuka, ya ce wa yayarsa Norsehan santsi ne ya kwashi mijinta. Mutane suka tafi neman gawa, shi kuwa ya shirya furannin a akwatunan kifi ya bi jirgin ruwa.

Dillalin ya duba kaya, ya yi murmushi. Ya ce, "Gobe ka kai yarana wurin, su kwaso sauran."

Mutumin ya ce, "Babu saura, maigida."

"Babu, ko ka ajiye wa wani mai saye?"

Ya yi rantsuwa, amma wa zai gaskata ɓarawo a cikin ɓarayi? Ƙarti uku suka danne shi a kan katakon yanka kifi. Suka karya masa gwiwa da ƙarfe. Suna tambaya, suna datse yatsa. Da yatsun hannun dama suka ƙare, suka jefar da shi cikin taɓo a bakin gaɓa, inda masunta suka tsince shi ƙaguwa na cin raunukansa.

A gida kuwa an samo gawar, masu wanka sun ga sara biyu a wuyan Jumberi, sun san dutse ba ya irin wannan yanka. Daga asibitin da masunta suka kai mutumin 'yan sanda suka wuce da shi.

Na je gidan yari tare da Norsehan. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Ni na goye ka. Na zo in gaya maka Inna ta rasu jiya, kuma ta daina ambaton sunanka tun ranar da aka gane kai ka kashe mijina."

Furannin kuwa an kama su a filin jirgin sama, duk sun ruɓe.

Ya 'yan uwa, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Mutumin nan bai fita gida da niyyar kisa ba. Da ƙarya ƙarama ya fara, ƙarya ta haifi sata, sata ta nemi jini don ta ɓuya. Allah ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma wanda ya kashe rai ɗaya kamar ya kashe mutane duka ne. In wani ya zo muku da maganar abin da ke dajin nan, ku ce amana ce a hannunmu, ba ta sayarwa ba ce.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta ƙoshi, ya jiƙan Jumberi, ya ba marayunsa haƙuri. Amin.