Fuskar Tabawa Bayan Agana

Ku gyara zama ku saurara. Wannan labari daga bakin kakana na ji shi, kuma har ya koma ga Allah bai iya yanke hukunci a kansa ba.

A wani gari na bakin gulbi an yi wata bazawara mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Kyakkyawa ce, amma ga saurin fushi, ga kaifin baki. Ba ta da kowa a gida sai tsohuwarta makauniya. Maza uku ne suke sonta.

Jatau mawaƙi ne, mai garaya. Ya hange ta tana ɗibar yumɓu a bakin ruwa, daga ranar ya daina cin abincin kirki. Ya yi mata waƙoƙi, ya ce fuskarta farin wata ce, muryarta sanyin asuba. Fatake suka ɗauki waƙoƙin suka kai garuruwa masu nisa. Amma bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In ya gan ta tafe sai ya sake hanya, don kada ya ji ta tana faɗa da masu sayen tukunya.

Barau maharbi ne. Shi kam ba ya barin ta ta fita daga idonsa. In ta tafi rijiya yana bayan bishiya, in ta tafi kasuwa yana bayan rumfa. Ya taɓa karya hannun wani mutum don kawai ya yi mata murmushi. Tabawa tsoronsa take ji.

Sambo maƙwabcinta ne, manomi. Shi yake kawo mata karan gasa tukwane, kullum kuma sai sun yi cacar baki. Ya san halinta ciki da waje, amma bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonta ba.

Wata shekara agana ta shigo ƙasar. Tabawa ta tafi ɗibar yumɓu a wani kwazazzabo mai nisa, zazzaɓi ya kayar da ita a can. Ba wanda ya san inda take sai Barau, da yake yana biye da ita. Ya ɗauko ta a kafaɗa. Mutanen gari suka ga ƙuraje, suka hana a shigo da ita. Sai ya kafa mata bukka a bayan gari, ya zauna yana jinyarta, har cutar ta kama shi ta cinye masa ido ɗaya.

Jatau da ya ji, sai ya saɓa garaya ya nufi garin wata tsohuwa mai magani, wadda ta daɗe da daina zuwa ko'ina. Ta ce ba za ta je ba. Ya zauna a ƙofar gidanta, rana da ruwa, yana rera waƙoƙin Tabawa har maƙogwaronsa ya fara fitar da jini. Tsohuwa ta ce, "Ashe wannan Tabawar da ake waƙa mutum ce? Tashi mu je." Maganinta ya yi aiki. Muryar Jatau kuwa ba ta sake dawowa daidai ba.

Sambo bai taɓa shiga bukkar ba, tsoro ya hana shi. Amma kowace safiya yakan ajiye kunu da ruwa a gindin wata tsamiya kusa da bukkar, ya koma nesa ya tsaya har Barau ya ɗauka. Ya ɗauke tsohuwar Tabawa ya kai ta gidansa. Ya buɗe rumbunsa yana ciyar da su duka, har da irin shuka, damina ta wuce gonarsa ba ko tsiro.

Tabawa ta tashi, amma agana ta rarake mata fuska. Kawunta ya tara mazan uku, ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Jatau ya ɗaga ido ya dube ta, sai ya sunkuyar da kai yana kuka. Ya ce da dusasshiyar murya, "Zan aure ta, Baba. Amma ta riƙa rufe fuska, don in riƙa ganin waccan ta da."

Barau ya ce, "Ni na fi son ta a haka. Yanzu ba mai sake kallonta sai ni."

Sambo ya dube ta sosai, bai kau da kai ba. Ya ce, "Tabawa, ke ce dai. Ina sonki tun da daɗewa."

Ta ce, "Lokacin da nake kwance, ina jin takunka a gindin tsamiya, Sambo. Na kira sunanka. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji."

Ta ja mayafinta ta shige ɗaki.

To, ga shi nan. Ba don Barau ba, da ta mutu a kwazazzabo. Ba don Jatau ba, da ba a sami magani ba. Ba don Sambo ba, da yunwa ta ƙarasa su. Ku gaya mini, a cikin ukun nan, wane ne ya so Tabawa ita kanta?