Rediyon Sila da lambar da bai sani ba

Akwai wani mutum, sunansa Sila, manomi ne a bayan duwatsu, can inda waya ba ta kamawa. Yana da yaya mace, Afiniki, tana aure a hayin babban kogi, tafiyar kwana biyu. Kafin babansu ya rasu ya haɗa musu rediyo guda biyu da hannunsa, irin wanda ake magana a ciki a kuma ji amsa. Ya ba kowa ɗaya.

A cikin kowane rediyo akwai wani ɗan dutse mai haske kamar gishiri, a rufe cikin gwangwani, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. In wuta ta shige shi sai ya yi ta karkarwa, iri ɗaya kullum, ita ce ke tsayar da rediyon a kan lamba ɗaya, wato tasha ɗaya. Ba ya gaba, ba ya baya. Saboda haka Sila bai taɓa neman komai ba. Da hantsi in ya sha kunu sai ya kunna, muryar yayarsa tana nan tana jira.

"Auta, ka shiga gona, ko kana nan kana kallon gajimare?"

Haka suka yi shekara da shekaru. Sai dutsen Sila ya tsufa. Muryar ta fara nisa kamar mai magana a cikin tulu, wata safiya kuma sai shiru. Ga shi ciwon ƙafa ya hana Afiniki tafiya, muryar nan kaɗai ta rage musu.

Ran kasuwa Sila ya kira Barnaba mai gyara. Barnaba ya buɗe, ya duba, ya ce, "Dutsenka ya mutu, irinsa kuma ya yi wuya yanzu." Ya cire shi, ya sa wani ɗan allo kore mai gilashin nuna lamba da abin murɗawa. Ya ce, "Wannan ba shi da lambar kansa. Inda ka ce masa, can zai tafi. Lambar da aka rubuta a jikin tsohon, tsatsa ta cinye. Ka dai san lambarku ko?"

Babansu ya sha faɗa wa Sila ita, amma a lokacin hankalinsa yana kan kurciyoyi. Yanzu ga furfura a gemu, ya ce bai san lambar gidansu ba? Kunya ta kama shi.

Ya ce, "Na sani mana."

Barnaba ya ce madalla, ya hau babur ya tafi.

Sila ya murɗa, sai duniya ta shigo ɗakinsa. Ga masunta suna kiran juna a kan wani ruwa da bai taɓa gani ba. Ga wata mata tana dariya da yaren da ko kalma ɗaya bai gane ba. Wani wurin ba mutum, iska ce kawai, kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa. Ya lumshe ido, ya ji kamar ya zama tsuntsu yana bin kogi. Har rana ta yi tsaka bai sani ba.

Da ya farfaɗo sai ya tuna da yayarsa. A cikin wannan taron duka, ina Afiniki?

Ya danna maɓallin magana. "Yaya, ni ne. Yaya, kina ina?" Ya murɗa gaba ya sake kira. Ya kira nan, ya kira can, yatsansa bai bar maɓallin ba. Shi kuwa irin rediyon nan, muddin ka danna kana magana, ba ka jin kowa. Kwana shida yana haka, bai gaya wa ko maƙwabcinsa ba. Ciyawa ta rufe masa dawa.

Rana ta bakwai muryarsa ta dushe, ko tari da ƙyar. Ya zauna da hantsi, tunda ba abin faɗi sai ya bar maɓallin, yana murɗawa a hankali, ɗis, ɗis. Ya wuce masunta. Ya wuce iska. Can ƙasa-ƙasa sai ya ji wata tsohuwar murya a gajiye.

"Auta, ni ce. Ina nan inda nake. Auta."

Ya danna, abin da ya fito kamar kukan kwaɗo.

Ta ce, "Wane ne wannan? In kai ne, jiya na ji ka wuce ta kaina kana ihu kamar mai tallan manja. Na amsa, ko tsayawa ba ka yi ba."

Da ƙyar ya ce, "Yaya, na ɓata."

"Ai na sani. Karanto min abin da ke kan gilashin, mu haddace tare."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa mata, ga ta. Ɗan dutsen shi ne bangaskiyar iyayenmu. Muna yara ita ke riƙe mu wuri ɗaya, ko ba mu gane komai ba. Amma ranar da za a cire ta tana zuwa, wata a cikinmu an kai ta aiki birni, wata iyayen sun tafi. Sabon allon kuwa zuciyarmu ce, tana iya zuwa ko'ina, kuma muryoyin waje suna da daɗi, ba ƙarya. Akwai mai zama a benci nan cikin coci tana motsa baki tare da kowa, alhali ba ta san hanyar addu'a ba, tana tsoron a gane. Kada ta ce "na sani mana". Ta tambaya, ba wanda zai ci ta.

Afiniki kuwa kamar Ubangiji take. Bai matsa ba, kullum yana kiran sunanmu. Mu ne tsoro ke sa mu yi ta magana, yana amsawa muna wucewa. Wadda ta gaji da kira, gobe da safe ta ɗaga yatsa daga maɓallin, ta saurara.