Ranar da Tamsin Ta Kori 'Yar Ƙungiyarta

Akwai wata rana da garin Geelong ba zai taɓa mantawa da ita ba. Gaskiya garin ya manta tun kafin a kwashe shingayen titi. Mata biyu ne kawai suka riƙe ta.

Narelle Quigley ta tsufa a kan keke tana aiki ɗaya a ƙungiyarsu ta tsere: tare wa wasu iska, da ɗauko musu ruwa. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, kuma wannan ne tserenta na ƙarshe.

Ran nan ta ɓalle daga cikin taron masu tseren a wani hawa na bakin teku. Ba wadda ta bi ta, don ba wadda ta ɗauke ta a bakin komai. Tazara ta yi ta ƙaruwa.

Kowa a sana'ar ya san ƙa'ida: idan 'yar ƙungiyarku tana gaba, ba kya kora. Ki lafe a baya, abokan hamayya su sha iskar.

Tamsin Rourke, tauraruwar ƙungiyar, ta san haka. Sai dai ta saba ganin hotonta a jarida.

Bev, mai horar da su, ta yi magana ta rediyon kunne: "Tamsin, zauna. Narelle na gaba."

"Haba Bev! Tsohuwar nan za ta kai? Ƙafafunta sun ƙare tun bara."

"Ina ruwanki da ƙafafunta? Zauna na ce, ja'ira!"

Tamsin ta zare rediyon, ta taka keke da ƙarfi. Gaba ɗaya taron ya jeru a bayanta yana hutawa, ita tana tare masa iska. Ana hango layin ƙarshe suka cim ma Narelle. Nan wata yarinya 'yar New Zealand, wadda ta sha hutu a bayan Tamsin, ta wuce su duka biyun.

Daga baya Tamsin ta sami Narelle zaune a gefen titi, ko hular kwano ba ta cire ba.

"Yaya Narelle, ni na ɗauka..."

"Kin yi gudu mai kyau, ƙanwata. Ban taɓa ganin kin yi wa kowa aiki haka ba."

Daga wannan shekarar Tamsin ta rasa mai tare mata iska da zuciya ɗaya. Hoton ma ya daina fitowa.

Darasi: Idan ranar wani ta zo, ka iya zama a baya. Wanda ya kasa haƙurin haka, bare yake yi wa aiki. Ku tura wa duk mai aiki cikin ƙungiya. Ita dai 'yar New Zealand, da aka ba ta kofi, Tamsin ta fara yi wa godiya.