Muryar da Aka Wanke

Akwai wani mai shagon kayan sauti da ake kira Kunne, saboda yadda yake cika baki cewa babu mai kunne irin nasa. Yana da ɗakin gwaji mai labule masu kauri da kujeru uku. Nan yake zaunar da masu saye, ya sa musu waƙa ɗaya a siga uku: MP3, FLAC da DSD.

"Ta farko an matse ta, an zubar da rabinta," yakan ce. "Ta biyu cikakkiya ce. Ta uku kuwa har numfashin mawaƙin za ku ji. Wanda bai ji bambanci ba, ya je ya sayi rediyon hannu."

Ƙaramin fayil ba ya kwana a kwamfutarsa. Shara yake kiransa.

Wata rana, Laraba ce ko Alhamis, ranakun sun fara cakuɗe mini, mahaifinsa ya shigo, ya tarar da baƙi uku masu saye a zaune. Tsohon tela ne, yana riƙe da waya da aka ɗaure da roba. A cikinta akwai saƙon murya ɗaya tak na matarsa, mahaifiyar Kunne, wadda ta rasu bara. Tana ce masa ya bar ɗinkin ya zo ya ci abinci. Fanka na ƙara a bayanta, kwanuka na karo, a ƙarshe ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wayar nan ta kusa mutuwa," in ji tsohon. "Ciro mini muryar uwarka ka adana."

Kunne ya jona wayar, ya saki saƙon a manyan lasifikoki, ya juya ga baƙinsa.

"Kun ji uku, ga ta huɗu kyauta. Wannan ita ce shara tsantsa."

Ɗaya ya yi dariya, biyu suka sunkuyar da kai.

"Uwarka ce fa," in ji tsohon a hankali.

"Ai shi ya sa zan wanke ta, Baba. Zauna ka ga aiki. Wannan ba facin wando ba ne."

Ya kwashe saƙon ɗungurungum, bai bar kwafi a wayar ba. Ya sa na'ura ta tace hayaniya, ya ƙara tacewa, ya mayar da shi babban fayil. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba, ya goge ƙaramin fayil ɗin na asali har lahira.

Ya kunna. Fanka ta tafi, kwanuka sun tafi. Wata siririyar murya ta fito kamar ana magana a cikin gwangwani.

"Ina dariyar?" tsohon ya tambaya.

"Na'ura ta ɗauke ta a matsayin hayaniya."

"To mayar mini da tawa."

"Babu ita. Wannan ta ninka waccan girma sau ɗari!"

Wani daga cikin baƙin ya miƙe, ya ce, "Malam, girman kwano ba ya ƙara miya." Ya fita.

Tsohon ya ɗauki wayarsa, ya gyara mata robar, ya tafi. Bai zage shi ba.

Bayan wata biyar, ko bakwai, Allah ne masani, ciwo ya kwantar da tsohon. Ya daina cin abinci. Ƙanwar Kunne ta buga masa waya.

"Yaya, Baba yana ta neman muryar Inna."

Kunne ya kai wayar da kwamfutar wurin masu gyara uku, duk suka girgiza kai. Sai ya ɗauko lasifikar da ta fi kowacce tsada, ya ajiye a gefen gadon, ya kunna wankakkiyar muryar.

Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce, Baba."

"Kashe. Ban san ta ba."

Ya juya fuskarsa bango. Da wannan suka rabu, don bai sake yi masa magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, Kunne ya zauna ya yi ƙoƙarin tuno muryar mahaifiyarsa da kansa. Amma ya riga ya saurari wankakkiyar da yawa. Ita kaɗai ke zuwa masa.

Darasi: Kada gwaninta ta sa ka raina abin da wani ya riƙe da hannu biyu. Kafin ka gyara kayan mutum, tambaye shi me yake so a cikinsa, kuma ka bar masa na asali. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu iyaye a raye.